Mutumin da Ya Ɓalle Ƙofar Hamisu

Shekara uku ke nan cif da muka raka akwatin Baba Saje Bulus filin jirgin Alƙahira, muka tsaya a jikin gilashi kamar marayu har aka shige da shi. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in rubuta, don kar in fara da ƙarya a jarida. Uku ne. Sanyin bana shi ne na uku da ya shigo ba ya nan.

Ni ba marubuci ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Sunana Nura. Duk wanda ya zauna a Hayyus Sabi, unguwar da ɗalibanmu suka fi yawa a nan Masar, ya san ni. Karatun Larabci aka turo ni. Na yi shekara biyu a ajin share fage, malamai duk suka haddace sunana, ni kuwa ban haddace komai ba. Larabcin da ya zauna mini shi ne na direbobin mikrobas, wato ƙananan motocin haya, da masu sayar da wake a bakin titi, kuma da shi nake ci yanzu. Ina raka mutanenmu da suka zo asibiti, in yi musu tafinta, in hana masu tasi zagaya gari da su. To ku yi haƙuri da rubutun. Mai ilimin da ya kamata ya rubuta wannan shi ya ce ni zan rubuta, ya kuma ce in sa sunansa yadda yake, kar in ɓoye. Hamisu ke nan. Za mu zo kansa.

Baba Saje Badakkare ne daga Zuru, tsohon soja, Kirista. Da ya ajiye kaki sai ya zama kuku, girkin ne ya kawo shi gidan wani babban ma'aikacin jakadanci a unguwar Zamalek. A kasuwa muka haɗu. Na ji wani tsoho yana zazzaga wa mai kuɓewa masifa da Hausa tsantsa, Bamasaren yana ta ce masa "tamam, tamam". Na matsa na ce, "Baba, daga ina?" Ya ce Zuru. Ni kuwa Bazamfare ne, mu da Dakarkari abokan wasa ne. Na ce, "Ashe bawana ne ya ɓata a Masar." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bazamfare ne kai ko? Shi ya sa. Tun daga nesa na hango mutum tsaye a banza." Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba. Bazamfare kawai.

Juma'a ce ranar hutunsa. Da safe ya je coci, don a garin nan har coci Juma'a take cika. Da rana ya ɗauko tukunya a tasi tun daga Zamalek, ya hau bene hawa huɗu, ya zauna a kan matakala yana haki yana jiran mu dawo daga masallaci. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, wani lokaci dambu. Mu uku ne a gidan: ni, da Ustaz Kabiru, wanda ya girme mu kuma shi ne shugaban ɗaliban yankinmu a lokacin, sai Hamisu.

Wani abu da ya fara ba mu mamaki game da tsohon nan, ba ya ɓoye tarihinsa. Muna tsakiyar cin tuwo zai ce, "Lokacin da nake shan giya," kamar yadda wani zai ce lokacin da nake firamare. Ustaz ya sunkuyar da kai yana istigfari a hankali. Baba ya ce ya fi shekara ashirin yana sha, tun daga burkutu har ta kwalba, har gidansa ya watse, har aka rage masa igiya a soja. Na taɓa tambayarsa yaushe ya daina. Ya ce, "Yau da safe." Na yi dariya, na ce tsoho ya fara ruɗewa. Ya ce, "Kullum da safe nake dainawa, Bazamfare. Gobe ma sai na sake." A lokacin na ɗauka barkwanci ne irin namu.

Hamisu kuwa shi ne abin alfaharin gidanmu. Ɗan limamin wani ƙauye ne a bayan Funtuwa, mahaddaci, ga murya. Tallafin karatu ya samu, kuma ya ba ni labarin yadda rabin ƙauyensu suka rako shi bakin titi ranar da zai taho. Shekararsa ta farko ya ci mumtaz, wato maki mafi girma. Saboda haka muka bar masa ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin shi kaɗai, ni da Ustaz muka haɗu a ɗaya. Mun ce mai karatu irin wannan bai kamata surutun Nura ya dame shi ba.

Yanzu sai in gaya muku al'adarmu, don wanda bai zauna cikin ɗaliban nan ba ba zai gane yadda aka yi abin ya faru a gaban idonmu ba. Idan jarrabawar ƙarshen shekara ta kusa, ana shiga abin da ake kira muraja'a, wato bita. Ɗalibi zai shige ɗaki ya rufe ƙofa, wata guda, wani har fiye. Ba ziyara, ba ƙwallo, ba hira. Kuma ƙofar mai muraja'a tana da alfarma a wajenmu. Ba ka ƙwanƙwasa ta. In ka dafa abinci ka ajiye masa a bakin ƙofa ka wuce a kan yatsun ƙafa. Wanda ya fi daɗewa bai fito ba shi ake yabo. Ana nuna ƙofarsa ga sababbin zuwa a ce, kun ga yadda ake neman ilimi.

A shekarar da gari ya hargitse, karatu ya yi ta tsayawa yana tashi, sai ga jarrabawa ta taho da littattafai jibge ba a gama ba. Hamisu ya same ni a kicin ya ce barci yana cin amanarsa, da ya buɗe littafi sai kai ya yi nauyi. Ni kuma gwanin sanin gari. Na san abin da direbobin mikrobas suke haɗiya su yi wuni suna tuƙi ba gajiya. Taramol ce, ja, su suna ce mata farawla. Ni ma ina ɗan taɓawa in aiki ya yi yawa. Na ce masa, "Malam, akwai maganin wannan." Na kawo masa. Na kuma nuna masa wurin.

Na rubuta wannan layin na goge ya fi sau biyar. Amma haka aka yi. Ni na kai masa ta farko, da hannuna, ina dariya, ina ce masa in ya zama babban shehi kar ya manta da ni.

Makon farko yana fitowa masallaci. Na biyu ya koma sallah a ɗaki. Daga nan sai dai mu ji motsinsa ya shiga banɗaki ya koma, in mun fita ko muna ɗaki. Muna jin karatunsa ta ƙofa, da ƙarfi, da sauri, wani lokaci ya tsaya ya yi magana kamar yana ba wani amsa. Ustaz ya ce, "Masha Allah, yana yi wa kansa tambayoyi yana amsawa, haka manya suke yi." Ni ma har gori nake wa 'yan wasu gidaje, ina cewa namu ya kwana goma sha bai ga rana ba, naku fa? Wallahi da bakina.

Juma'ar farko Baba Saje ya tambaya ina ɗansa Hamisu, muka ce yana muraja'a. Ya ce to. Ta biyu ya zuba masa tuwo da kansa ya ajiye a bakin ƙofa, da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon kwanon. Ta uku, bayan la'asar, ya ajiye cokali ya ce, "Wa ya ga fuskar yaron nan a cikinku? Ba muryarsa ba. Fuskarsa."

Muka dubi juna.

Ustaz ya ce, cikin ladabi, "Baba, ai ba a katse wa ɗalibi muraja'a. Haka tsarin yake a nan."

Baba ya ce, "Ustaz, ni ban yi karatu ba. Amma a bariki in soja ya kwana biyu bai fito fareti ba, ba ma cewa yana ciki yana tunanin ƙasa. Zuwa muke mu duba."

Ya tashi ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake. Sai muka ji muryar Hamisu, ba irin wadda muka sani ba, yana cewa, "Ku tafi. Na san su suka aiko ku." Baba ya juyo. Bai dubi Ustaz ba, ni ya duba. Na kawar da kai. Ya ce, "Bazamfare, me ka ba shi?" Ban san yadda aka yi ya gane ba, har yau. Bai jira amsa ba. Ya ja baya ya sa kafaɗa. Tsoho mai shekara sittin da wani abu, bugu biyu ƙofar ta ɓalle.

Ba zan faɗi duk abin da muka gani ba. Ya liƙe taga da jaridu. Littafin da ke buɗe a gabansa ƙura ta kwanta a kan shafin. Fankon ƙwayoyin yana cushe a cikin takalminsa. Shi kuma yana rakuɓe a lungu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana cewa mai gadin bene da maƙwabta suna maganarsa ta cikin bututun ruwa, wai masu jarrabawa ne suka sa a sa masa ido. Ustaz ya fara salati. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Baba Saje ya cire takalmi ya shiga ya zauna a ƙasa, ba kusa sosai ba. Bai yi faɗa ba, bai yi tambaya ba. Ya daɗe a zaune. Can ya ce, "Ɗana, ka gaji ko?" Sai Hamisu ya fashe da kuka.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin rigimar. Kwana uku ana yi masa ruƙiyya, manyan ɗalibai suna shigowa bi da bi, don kowa ya yanke cewa aljanu ne suka shafe shi saboda yawan karatu shi kaɗai. Da aka ga ba sauƙi, sai aka kira taro a gidanmu. A lokacin hanya ɗaya muka sani in irin wannan ta faru: a nemi tikiti cikin sirri, a haɗa mutum da wani mai tafiya, a mayar da shi gida kafin magana ta fita sunan 'yan ƙasarmu ya ɓaci. Rufin asiri muke kiran abin. Amma kowa a ɗakin ya san ma'anarsa ga Hamisu. Tallafin karatunsa ya tafi ke nan. Zai sauka a ƙauyen da aka rako shi bakin titi, ba takardar kammala karatu, ba hankali, ba wanda ya san abin da ya sha balle a san maganinsa. Mun san inda ake kai irinsu a can, mun san da abin da ake ɗaure su.

Ba a gayyaci Baba Saje ba. Ba ɗalibi ba ne, ba Musulmi ba ne. Ya nemi izini a wajen aikinsa ya zo duk da haka. Kafin ya shiga ya ja ni kan matakala ya ce, "Suna can suna neman aljani. Ni da kai mun san sunan aljanin. In ka yi shiru za su sa shi a jirgi." Na ce, "Baba, za su kore ni daga unguwar nan." Ya ce, "Za su iya. Kai ka san hanyar ko'ina a garin nan, za ka samu wurin kwana. Shi fa?"

Muka shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe su, ya ce shi roƙo ɗaya ya kawo, a bar shi ya kai yaron wajen likita kafin a yanke magana. Wani daga cikin manyan ya ce, "Tsoho, da girmanka, me ya haɗa kuku da maganar ɗalibai?" Baba ya ce, "Ba abin da ya haɗa mu, malam, sai dai na taɓa zama a irin ɗakin can. Ku yi addu'arku, ban ce ku bari ba, ni ma ina yin tawa. Amma a kai shi asibiti."

Sai na miƙe. Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar da ƙyar maganar ta fito. Na faɗi abin da na ba shi, da ranar da na fara, da inda na nuna masa. Wani ya ce tir. Wani ya ce dama an san za a yi haka tunda aka bar ɗan tasha a gidan ɗalibai. Ban musa ba.

Ustaz Kabiru ne ya juya taron, kuma ina so a rubuta masa wannan. Ya ce shi ne babba a gidan, shi ya kwana ashirin yana wuce ƙofar nan yana cewa masha Allah, saboda haka kar a tara laifin a kan Nura shi kaɗai. Ya ce neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma duk wanda ke ɗakin ya karanta haka. Ya nemi a ba shi wata biyu, in ba a ga canji ba shi da kansa zai raka Hamisu gida. Aka yi ta ja, aka watse wasu suna fushi. Amma ba a sayi tikiti ba.

Wata likita ce a unguwar Mohandessin, dattijuwa mai tabarau. Ni na yi tafinta, don Hamisu ya ƙi magana da kowa sai da Hausa. Ranar ce Larabcin tashata ya fara yi wa wani amfani na gaske. Ta ce ƙwayar da rashin barci sun taru sun taso da ciwon da ke buƙatar magani na dogon lokaci, ta ce kar a yanke masa abin da yake sha lokaci ɗaya ba tare da kulawarta ba, kuma kar a bar shi shi kaɗai. Baba ya ce wannan na ƙarshen aikinsa ne. Ya yago bayan kalanda ya tsara mana gadi irin na soja, mutum biyu-biyu, kowa da lokacinsa. Har wanda ya kira shi kuku sai da ya samu sunansa a jiki, kuma ya zo.

Makonnin nan ba su da daɗin tunawa. Zufa, amai, ciwon gaɓoɓi, zagi. Mahaddacin da ba ya ɗaga murya ya zage ni tas, kuma na cancanta. Ƙofar da aka ɓalle Baba ya hana a gyara, labule aka sa. Jarrabawar shekarar ta wuce shi. Takardar likita ce ta sa aka bar masa gurbinsa da tallafinsa, ya maimaita shekara. Bayan wata huɗu ya koma wa ƙwayar sau ɗaya. Ni na gano, na kira Baba ina ihu a waya cewa duk wahalarmu ta tashi a banza. Ya ce, "Ya faɗa maka da bakinsa ko kama shi ka yi?" Na ce da na tambaye shi bai musa ba. Ya ce, "To an samu ci gaba. Ku koma wajen likita gobe." A ranar ne ni ma na zubar da tawa. Ban gaya wa kowa ba sai shi. Ya ce, "Madalla. Gobe da safe ka sake zubarwa."

Daga nan tuwon Juma'a ya daina zama namu mu uku. Aka fara zuwa daga wasu gidaje, har falo ya daina ɗauka. Baba ya kafa doka biyu kawai. Ba wa'azi sai an ci an ƙoshi. Kuma duk wanda aka yi Juma'a biyu ba a gan shi ba, mutum biyu za su je har gidansa, ko yana muraja'a ko yana me. Ba ɗalibai kaɗai ba. Akwai wani direba da kwalba ta kusa raba shi da aikinsa, shi ma ya zama ɗan gida, yakan zauna kusa da Baba su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Akwai waɗanda ba sa shan komai, kewar gida ce kawai da faɗuwa jarrabawa suka danne su har ba sa iya tashi daga katifa. Da, irin waɗannan sai mu ce ragwaye ne ko imaninsu ya yi rauni.

Shekara ɗaya da 'yan watanni Baba ya yi yana wannan. Sai idonsa ya fara yin ɗorawa, ƙafa ta kumbura, hawa huɗun nan ya gagare shi. Hanta ce. Na je duba shi a asibiti da rana, na ce, "Bawana, tashi mana, wa zai yi mini tuwo?" Ya yi murmushi ya ce, "Na bar giya, ita ce ba ta bar ni ba. Ka ga dai yadda take da riƙo, kamar Bazamfare." Hamisu ne ya fi kowa zama a gefen gadonsa, da littafinsa a cinya. Da Baba ya cika, wasu sun yi ƙananan maganganu a kan ko ya dace ɗaliban addini su raka gawar wanda ba Musulmi ba. Ustaz Kabiru bai yi musu da kowa ba, ya dai sa hularsa ya fito, muka bi shi.

Yanzu in na zauna ina tunanin me zai ce in ya dawo ya ga yadda abin ya zama, dariya takan kama ni. Mun zama kwamiti. Akwai shugaba, akwai sakatare, akwai wani wai shi jami'in wayar da kai, ni ne kuwa. Muna da zaure a waya inda ake turo nasiha mai tsawon zani ba mai karantawa. Ranar da aka yi taron karɓar sababbin ɗalibai an yi jawabi ya fi awa kafin a buɗe tukunya. Na san da yana nan zai buga cokali a murfi ya ce, "Malamai, miya tana sanyi." Tuwon ma yanzu ni nake tuƙawa, kuma in faɗi gaskiya, wanda ya ci na Baba ba ya yaba nawa sai don kara.

Amma akwai abin da zai gani ya gyaɗa kai. Har yanzu ana muraja'a, har yanzu ana rufe ƙofa, sai dai a gidaje da yawa an mayar da shi ƙa'ida kowa ya fito a ci abincin rana tare, ko da minti goma ne, a ga idonsa. An daina nuna wa sababbin zuwa rufaffiyar ƙofa a ce su yi koyi. In aka ce wane ba shi da lafiya a kansa, ana yin ruƙiyya, ana kuma neman Nura ya zo a tafi asibiti, ba a ganin ɗaya ya kore ɗaya. Kuma kalmar tikiti ba ita ce ta farko da ake furtawa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mun ci nasara ba. Ƙwayar tana nan, samunta bai fi wahalar sayen burodi ba. Akwai gidajen da suke kiranmu 'yan sa ido, ba sa buɗe mana. Bara akwai wani yaro da abokan zamansa suka ɓoye mana halinsa, wai suna rufa masa asiri, sai da muka ji an sa shi a jirgi. Labarin da ke zuwa daga garinsu ba mai daɗi ba ne. Ranar na zauna a kan matakalar nan da Baba yake zama, na rasa wanda zan kira in yi wa ihu.

In aka tambaye ni me ya bari, ba ni da wani babban abu da zan nuna. Bai bar gini ba, bai bar littafi ba, hotonsa ma ɗaya gare ni kuma ya rufe ido a ciki. Abin da na sani shi ne, mu da muka zo ƙasar nan neman ilimi, sai da wani kuku ya zo ya koya mana cewa kunyar da muke ji wa mutum tana iya kashe shi muna gefe muna yaba masa. Ya koya mana da tarihinsa da bai ɓoye ba. Da ya rufa wa kansa asiri irin yadda muke yi, da ba wanda zai saurare shi a ɗakin taron nan.

Hamisu ya gama bana. Ba mumtaz ba, makbul ya samu, wato ya dai haye. Har yanzu yana shan maganinsa kullum, kuma likita ta rubuta masa takarda zuwa ga wani likitan a gida. Abu ɗaya ya rage. Mahaifinsa bai taɓa sani ba. An ce masa dai an ƙara musu shekara ne saboda hargitsin gari. Kowa ya ba Hamisu shawarar ya bar shi a haka, har ni. Ya ce a'a. Ya ce ba zai shiga gidan ubansa yana haɗiyar magani a ɓoye kamar ɓarawo ba.

Saura kwana biyu ya tashi, bayan sallar Juma'a, ya ce in zauna kusa da shi. Ya kira mahaifinsa, ya buɗe muryar wayar. Bai tsallake komai ba: ƙwayar, ɗakin, muryoyin da yake ji, asibiti, shekarar da ya maimaita. Sunana ne kaɗai bai faɗa ba. Da ya gama, sai muka ji kukan awaki daga can ƙauyen.

Can Liman ya ce, "Kana shan maganin?"

Hamisu ya ce, "Ina sha, Malam."

"Kar ka bari." Sannan ya ce, "Wa ya tsaya maka a lokacin?"

"Mutane da yawa, Malam. Amma akwai wani tsoho, Bulus sunansa, mutumin Zuru. Kirista ne. Shi ya hana a dawo da ni. Ya rasu shekara uku ke nan."

"Ya bar baya?"

Hamisu ya dube ni, na ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya ce, "'Ya ɗaya, tana can Zuru da aure."

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce, "To in ka sauka kar ka kwance kayanka duka. Ka huta kwana biyu, mu je mu gaishe ta."